Kunyar 'Yar Fari a Gaban Alƙali

Shekarun baya, a shekarar da soja suka koma bariki aka ce mana mulki ya dawo hannun farar hula, ni na kai yayana kotu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Na faɗa tun daga farko ne don wanda zai zage ni ya zage ni yanzu ya huta, ba sai ya wahalar da idonsa ya karanta har ƙarshe ba. An zage ni a gidanmu, an zage ni a majalisa, an zage ni a ƙofar masallaci. Zagin da za ku yi min ta waya ba zai hana ni cin tuwo ba.

Lokacin ina walda a wani ɗan shago a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙofofi da tagogi da gadon ƙarfe. Boko a aji biyu na sakandare na ajiye shi, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da ƙarfe. Muna zaune a gidan haya, ni da matata da ƙananan yaranmu. 'Yarmu ta fari ba ta wurinmu. Tun da aka yaye ta mahaifiyata ta goya ta, ta kai wa yayana riƙo a Tarauni, saboda shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba. Ba a tambaye ni ba. Ko da an tambaye ni ma, a gidanmu uba ba ya buɗe baki a kan 'yar fari.

Yaran yanzu da kuke sa hoton 'yar fari a waya kuna yi mata kirari ba za ku gane wannan ba. Mu a lokacinmu ba a nuna an san ta. Matata kuwa ta fi kowa riƙe wannan al'ada, don a ƙauye ta tashi, an yi mata tarbiyya irin ta da. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. Sai dai "waccan", ko "yarinyar Tarauni". In yarinyar ta zo hutu ta durƙusa ta gaishe ta, sai ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗenta. Mahaifiyata har yabonta take yi a gaban sauran surukai, ta ce, "Ku zo ku ga mace mai kunya." Ita yarinyar, yayana take ce wa Baba, matarsa Mama. Ni Baba Ƙarami ne. Uwar da ta haife ta kuma Anti.

Yayana shi ne ɗan bokon gidanmu. Ma'aikacin gwamnati ne, kullum cikin farar shadda, carbi ba ya barin hannunsa. Shi ya kai mahaifiyarmu Makka. A shekarar nan kuma ya faɗa siyasa, uban gidansa ya ci zaɓe, ana ta raɗe-raɗin za a ba shi muƙami. In ya shigo gidanmu a Unguwar Gano tabarma ake sake shimfiɗawa. In ni na shigo, cewa ake in karkaɗe ƙafata.

Da daminar shekarar aka yi hutun makaranta, aka kawo mana yarinyar ta yi mana kwanaki. Ba ta kai shekara goma ba. Na lura ta rame, ba ta wasa da ƙannenta, na ce ko zazzaɓin damina ne. Ranar da za a zo ɗaukarta, mai kitson unguwarmu ta haihu, ga kan yarinya duk ya tsufa. Matata ta ga ba za ta mayar da ita gidan mutane da kai haka ba, sai ta ja ta ɗaki ta saki labule, don kada a ga tana yi wa 'yar fari kitso, ta zaunar da ita a gabanta.

Mai kitso a baya take zama, ba a haɗa ido. Ina jin abin da ya ba yarinyar ƙarfin hali ke nan.

Ina tsugune a shago da tsakar rana, sai na ga ƙafafun mace a gabana cikin silifas ɗin da na sani. Matata ba ta taɓa taka shagona ba. Na ɗaga gilashin walda. Kibiyar kitso na hannunta, ta manta ba ta ajiye ba.

Ta ce, "Ka taso."

Na ce, "Lafiya? Wani ne ya mutu?"

Ta ce, "Ka taso dai."

A gida na tarar da maƙwabciyarmu a ɗakinmu. Nas ce, 'yar Kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata. Ita ce matata ta fara kira don ta duba yarinyar. Yarinyar na kwance a gado da rabin kitso, fuskarta na kallon bango. Sista ta ja ni tsakar gida, ta gaya min abin da yarinyar ta faɗa da abin da ita ta gani. Ba zan rubuta shi a nan ba. Duk mai ɗiya ya gane.

Na koma ɗaki na durƙusa a bakin gado na ce, "Wa ya yi miki?"

Ta ce, "Baba."

Don wauta sai na ce, "Wane Baba?"

Ta ce, "Baban Tarauni. In Mama ta tafi aiki. Ya ce in na faɗa ba wanda zai yarda, kuma ba ni da wani gida sai nasa."

Ban san lokacin da na suri guntun rodi a bayan ƙofa na yi waje ba. Ko takalmi babu, wai Tarauni zan tafi a ƙafa. Mijin Sista, malamin makaranta ne, ɗan siririn mutum da iska za ta iya kayarwa, shi ya sha gabana a zaure ya riƙe rodin da hannu biyu. Ya ce, "Mai walda, in ka kashe shi kai za a rataye. Shi kuma a binne shi ana cewa mutumin kirki ya rasu. Haka kake so?" Sista ta ce, "Kada a yi mata wanka, kada a kai ta kemis. Asibiti za mu je yanzu." Muka tari tasi. Likita ya duba, ya fito ya ce min abin ya daɗe, ba yau aka fara ba. Ya ce in kai magana wurin 'yan sanda.

Ni kuma na ce sai na fara zuwa wurin uwata. A raina ina ganin da ta ji za ta ɗora hannu a ka, ita da ta goya yarinyar nan a bayanta ta kai ta gidan. Na same ta tana gyaran zogale. Na faɗa mata komai. Ta ajiye faranti ta ce, "Tura ƙofar nan." Na tura. Sai ta ce:

"Wa da wa suka ji?"

Tambayarta ta farko ke nan. Ba ta ce yaya jikin yarinyar ba. Ba ta ce tana ina ba. Wa da wa suka ji. Da na ce Sista da mijinta da likita, sai ta hau salati, wai na kai sirrin gidanmu wurin baƙi. Ta ce a kawo mata yarinyar ta gasa mata jiki da ruwan zafi, a karɓo mata rubutu ta sha. Wai yaro ba ya riƙe abu, nan da shekara ta manta.

Washegari aka kira zaman gida. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne babba tun da mahaifinmu ya rasu, shi ya zauna a tsakiya. Yayana ya zo da carbinsa. Da farko ya rantse sharri ne. Da na ce likita ya gani, sai ya ce ai yarinya tana zuwa makaranta, tana zuwa aike, wa ya san inda ta samo. Da na ce sunansa ta kama, sai ya ci gaba da jan carbi. Ni kuwa na miƙe tsaye ina magana, bakina har kumfa yake.

Kawu ya ɗaga min hannu ya ce, "Kai, zauna. Yanzu kai ko kunya ba ka ji ba? A kan 'yar fari kake tsaye kana ɗaga wa manya murya? Mece ce ita a wurinka? Ai ka bayar da ita. Ubanta ga shi nan zaune."

Ya nuna yayana.

Wallahi har yau in na tuna wannan nunin sai na ji kaina ya yi zafi. Na ce, "Kawu, uban da yake jiran matarsa ta fita?"

Aka yi caa a kaina. Wannan ya ce ba ni da tarbiyya, wancan ya ce baƙin cikin ɗaukakar ɗan uwana nake yi. Wata gwaggo ta ce in magana ta fita wa zai auri yarinyar nan gaba. Wani ya ce a dubi muƙamin da ake shirin ba shi, rufin asirin dangi ne gaba ɗaya. Shawarar da suka yanke ita ce yarinya ta dawo hannuna, magana ta mutu a ɗakin nan, ni kuma in ba Kawu haƙuri. Ni ne zan ba da haƙuri. Shi wanda ya yi abin ko tari ba a ce ya yi ba.

Na sa takalmina. Mahaifiyata ta biyo ni har zaure ta ce, "In ka taka ofishin 'yan sanda, zan ɗaga maka nono."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsorata. Ba ɗan da zai ji wannan daga bakin uwarsa bai ji tsoro ba. Na tsaya a bakin titi na daɗe, masu acaɓa na ta yi min hon. Sai na tuna yarinya na can da rabin kitso tana kallon bango, an gaya mata ba wanda zai yarda da ita. Na hau acaɓa na ce ofishin 'yan sanda.

Wanda na tarar a kanta ya saurare ni yana sakace haƙori, ya ce, "Malam, wannan ai maganar gida ce. Ku je ku sasanta." Na ce daga wurin sasantawar nake. Allah ya kawo wata 'yar sanda mai igiya a hannu, ta ji abin da nake faɗa, ta ce in shigo ciki. Ita ta je asibiti da kanta, ita ta ɗauko yayana daga ofishinsa a gaban abokan aikinsa.

Na zaci an gama. Ashe ko farawa ba a yi ba. Aka kai shi gaban majistare, aka tsare shi, ba a jima ba aka ba da belinsa, ya fito yana zaga gari cikin mota. Aka ce sai an jira shawara daga ofishin lauyoyin gwamnati. Aka ce sai an mayar da shari'ar babbar kotu. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan yayana ba shi da lafiya, jibi an ɗauke wuta. Kullum in rufe shago in sa rigata ta Juma'a in je in zauna a benci. Ranar farko har durƙusawa na yi na gaida masinja da "ranka ya daɗe", na zaci shi ne alƙali, don ya fi kowa ɗaure fuska. A rediyo kuma kullum ana cewa yanzu dimokuraɗiyya ce, talaka ya samu 'yanci. Na ce to, Allah ya nuna mana.

A tsakanin nan dangi suka yanke ni. Aka yi biki ba a gaya min ba, aka yi suna ba a gaya min ba. Masu ba ni aiki ta hanyar yayana suka janye. Wani dattijo a masallacin unguwarmu ya tare ni bayan La'asar ya yi min wa'azi a kan zumunci, har da jawo aya. Na ce, "Malam, ita yarinyar ba ta cikin zumuncin ne?" Ya ce ni dai ba na jin magana.

An fi shekara ana wannan jeka-ka-dawo kafin a fara sauraron shaidu. Ita yarinyar a ofishin alƙali aka ji ta bakinta, ba a gaban jama'a ba, kuma ta faɗi abin da ta faɗa tun farko ba ta canja ba. Likita ya zo ya yi nasa bayanin. Amma lauyar gwamnati, wata matashiya mai gilashi, ta zaunar da ni ta ce, "Malam, likita ya tabbatar an yi, amma bai ga wanda ya yi ba. Maganar ƙaramar yarinya ita kaɗai ba kasafai take ɗaure mutum ba. Muna buƙatar wadda ta fara gaya wa, ta zo ta faɗi yadda aka yi da bakinta. Sai matarka ta shiga akwatin shaida."

Magana ta kai gidanmu, ban san ta yaya ba. Aka ce min Kawu dariya ya yi. Wai, "Wannan baiwar Allah? Matar da ba ta iya kiran sunan 'yarta a cikin ɗaki, ita za ta tsaya gaban maza ta faɗi wannan magana? Ku kwantar da hankalinku, shari'a ta mutu."

Abin haushin, ni ma tsoron da nake ji ke nan. Na tambaye ta, na ce, "Za ki iya?" Ta ce, "Tuwonka na hucewa." Na sake tambaya washegari, ta ce yaro ya yaga wandonsa na makaranta. Har na yi fushi na ce mata in ta kunyata mu a kotu kada ta biyo ni gida.

Ranar shaidarta muka shiga kotu, sai na ga abin da suka shirya. Mahaifiyata, wadda ta rantse ba za ta taɓa taka kotu ba, tana zaune a bencin gaba. Kawu na gefenta. A gefen Kawu kuma surukina ne, mahaifin matata, tsoho da rawaninsa, sun aika mota har ƙauye an ɗauko shi. Sun jera mata duk mutanen da ba ta iya ɗaga ido a gabansu. Matata na ganin mahaifinta ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa.

Aka rantsar da ita. Tafintan kotu sai cewa yake, "Ɗaga murya, Malama, kotu ba ta ji." Lauyar gwamnati ta tambaye ta, "Mece ce yarinyar nan a wurinki?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yar gidan yayan maigidana ce."

Aka ce me yarinyar ta gaya mata. Ta ce, "Ta ce ana yi mata abu." Wane abu? Ta ƙara jan mayafi. Wa yake yi mata? Ta ce, "Na gidan." Lauyar ta yi juyin duniya, iyakar abin da ta samu ke nan. Ta zauna tana goge gilashinta. Na waiwaya na ga Kawu yana gyara zaman hularsa.

Sai lauyan yayana ya miƙe. Bahaushe ne, ya san gidan da ya fito, ya san irin matar da ke gabansa. Ya nemi izini ya yi mata magana da Hausa kai tsaye, ya sassauta murya kamar mai lallashin ƙanwarsa.

"Baiwar Allah, kowa ya shaida ke mai kunya ce. Tun da kika haifi yarinyar nan, kin taɓa kiran sunanta?"

"A'a."

"Kin taɓa zama kun yi hira?"

"A'a."

"In ta gaishe ki kina amsawa?"

Ta girgiza kai. Alƙali ya ce ta faɗa da baki. Ta ce, "A'a."

"Madalla. To ki taimaki kotu. Yarinyar da ba kya kiran sunanta, ba kya kallonta, ba kya amsa gaisuwarta, ta yaya za ta tsallake matar da ta raine ta, ta zo ta gaya miki magana irin wannan? Ba mijinki ne ya shirya miki ba, don yana jin zafin ɗan uwansa?"

Bai ma jira amsa ba, ya juya wajen alƙali yana tattara takardunsa. Sai muka ji ta ce:

"Ai shi ya sa ya zaɓe ta."

Lauya ya ce, "Na'am?"

Ta sa hannu ta yaye mayafin daga fuskarta. Tun da na aure ta ban taɓa jin muryarta ta kai haka ba.

"Na ce shi ya sa ya zaɓe ta, ranka ya daɗe. Ya san ba ta da wurin faɗa. Ya san in ta zo gabana baya zan juya mata. Ya san ubanta ba shi da baki a kanta. Duk gidan an sani, shi ma ya sani."

Sai ta kira sunan yarinyar. Cikakken sunanta, da sunana a haɗe. Ta ce, "'Yata ce. Ni na ɗauki cikinta, ni na haife ta, ni na shayar da ita." Daga nan ta faɗi komai. Yadda ta zaunar da ita kitso, inda kibiya ta kai lokacin da yarinyar ta fara magana, kalmomin da yarinyar ta faɗa ɗaya bayan ɗaya, abin da ta gani da idonta da ta duba jikinta. Ta kira kowane abu da sunansa, a gaban mahaifinta, a gaban surukarta, a gaban maza cike da ɗaki. Lauya ya yi ta ƙoƙarin katse ta, alƙali ya ce, "Kai ka yi tambaya, bar ta ta amsa." Tafinta har sai da ya roƙe ta ta riƙa tsayawa yana juyawa zuwa Turanci. Da ta gama ta miƙa hannu ta nuna yayana ta ce, "Ga shi can. Shi take ce wa Baba."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

Da aka tashi, ina tsoron haɗuwa da surukina. Sai ga shi ya nufo mu a farfajiya yana dogara sanda, gemunsa jiƙe da hawaye. Matata ta durƙusa. Ya ce, "Tashi." Ya juya ya kalli Kawu ya ce, "Alhaji, ce min kuka yi rigimar 'yan uwa ce in zo in tsawata wa 'yata. Ba ku ce min jikata aka ɓata ba." Ya ƙi shiga motarsu. A gidana ya kwana, da safe na raka shi tasha.

Bayan wasu watanni aka yanke hukunci, aka sami yayana da laifi. Shekarun da aka ba shi ba su kai shekarun yarinyar a lokacin da ya fara ba. Lauyar gwamnati ta ce in gode wa Allah, da yawa ko nan ba sa kaiwa. Na gode. Amma ba wanda zai sa ni in ce ya isa.

Ranar da ya fito daga gidan yari an yanka rago a gidanmu na Unguwar Gano, an yi saukar Alƙur'ani, wai Allah ya fitar da bawansa daga jarrabawa. Ita yarinyar da ta yi shekaru tana firgita in ta ji an taɓa ƙofa, ba wanda ya taɓa aiko mata da ko ƙwai ɗaya. Mahaifiyata ba ta ɗaga min nonon ba, amma har ta koma ga Allah ba ta sake tambayata yaya yarinyar take ba. Ina zuwa gaishe ta duk Juma'a, ta amsa a taƙaice, in tashi. Allah ya jiƙanta, uwa ce. Amma abin yana nan a raina, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya sa na rubuta wannan, ina ganinku a nan kullum. In aka sa labarin wani baƙo ya ɓata yarinya, kowa ya fito, a kashe shi, a rataye shi, a dandaƙe shi. Duk jarumai ne ku. To ranar da aka ce yayanka ne, ko ƙanin babanka, ko malamin da ke jan ku salla a gida, ranar za a san abin da ke bakinka. Yawancinku "wa da wa suka ji" za ku ce. Asirin da kuke cewa a rufa, na wa ne? Ba na yarinyar ba ne, ita an riga an gama da nata. Na ƙaton ne. Kuma masu cewa kai ƙara ne ke hana yarinya aure, 'yata ta yi aure, mijinta ya san komai tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa, da bakina na gaya masa. Yanzu da 'ya'yanta, tana koyarwa a makarantar firamare. Kunya kuwa, ku riƙe abinku in kuna so, ban hana ku ba. Amma a gidana kowane yaro ana kiran sunansa, kuma in ya yi magana ana juyowa a kalle shi.

Shekarun nan da suka wuce ciwo ya kwantar da yayana, aka ce ba lallai ya tashi ba. Kawu ya riga ya rasu, 'ya'yansa ne manya yanzu. Suka zo min shago su uku, suka zauna a kan benci suna kare shaddarsu daga tartsatsi. Wai sun zo neman yafiya, kada mutum ya tafi da nauyi.

Na ce, "Ba ni aka yi wa ba. Ku je ku same ta."

Suka ce ai ba sa so a tayar mata da hankali, ni dai in ce na yafe a madadinta, magana ta wuce. Har yanzu dai ita ba a bakin komai take ba. Na ciro waya na kira ta a gabansu, na sa yadda kowa zai ji. Na gaya mata abin da ya kawo su. Ina jin hayaniyar ɗalibanta a baya. Can ta ce:

"Shi ne ya ce ya yi, ko su ne suka ce a yafe?"

Na kalle su. Suka kalli juna. Babban cikinsu ya ce ai mara lafiya ne, ba a son a matsa masa da tsohuwar magana.

Ta ce, "To ba komai. In ya faɗa da bakinsa, a kira ni, zan zo. Baba, ana jirana a aji."

Yayana ya yi makonni bayan nan da hankalinsa da bakinsa. An ce ya yi wasiyya a kan gidansa, ya yi a kan filinsa, har wanda za a ba agogonsa ya faɗa. Ba a kira ta ba.

Ina tsakiyar haɗa wata ƙofa aka bugo min cewa ya cika, za a yi jana'iza bayan Azahar. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, kamar yadda ake ce wa kowa. Mai ƙofar na tsaye yana jira. Na ƙarasa masa aikinsa.